Rabonmu a Faifan Lawali

Bana ma ruwa ya ƙi. Watan bakwai na manoma ya shiga har ya yi nisa. Da la'asar gabas sai ta haɗa baƙi, iska ta taso ta watsa shi, a bar mu da zufa da ƙaiƙayin jiki. Ni yanzu ba na zuwa gona, gwiwa ta hana. Aikina zama a bakin ɗaki da carbi, ina kallon mai shiga da mai fita. Shekaranjiya ina nan zaune na ga kaji sun bi ta gindin rumbun ɗana, ba wadda ta tsaya ta yi tono. Na san wannan tafiyar ta kaji. Na taɓa ganinta, shekarar da sojoji suka riƙe ƙasa suna cewa za su mayar da ita hannun farar hula.

A waccan shekarar an sauke magajin garin kominmu, wato ƙaramar hukumarmu, aka ɗora wani na riƙon ƙwarya kafin zaɓe. Rediyo ba ta da magana sai ta sabuwar doka da ƙuri'a. Mu dai abin da muka tsinta a ciki guda ne: manya sun yarda a kira yunwa da sunanta. Da can ko ana mutuwa sai a ce ƙarancin cimaka ne. To gwamnati ta faɗa, amma mazan garinmu ba su faɗa ba.

Daminar da ta gabata ce ta karya mu. Hatsi ya yi kyau har ya ɗauki ciki, sai ruwa ya ɗauke kamar an rufe tulu. Wanda ya samu ya fitar da kai, tsutsa ta bi shi ta yi masa zane. Da kaka ta zo, abin da na samu a gamanata, wato ƴar gonar da ake yankar wa mace, bai kai a yi masa guɗa ba. Na gandu kuwa, babbar gonar gida, maigidana Malam shi kaɗai ya ɗaure shi, shi kaɗai ya loda shi a rumbu, ya zaɓi lokacin da muke rijiya. Muka dawo muka tarar an ɗora hular rumbu an ɗaure da igiya.

A wurinmu rumbun gandu ba a buɗe shi da rani. Ana rufe shi da kaka, sai ruwa ya sauka an shiga noma sannan a taɓa shi. Kafin nan mata ne ke riƙe da gida daga abin da suka samu a gamana. Kuma mace ba ta leƙa rumbun miji. Ko an buɗe, sai ta kau da kai ta miƙa kwando. Dangin Malam daga wajen Tibiri suka fito, tsohon gida ne, suna riƙe da wannan al'ada kamar sallah. Ni iyayena daga kudu kakanninsu suka tsallako, ƙasar Katsina, suka kafa garinsu nan gabas da mu, tafiyar hantsi. Su ma suna da al'adar, amma ba su ɗaure ta tamau haka ba.

Hatsin gamana ya ƙare tun sanyi bai gama fita ba. Daga nan muka shiga abin da har yau ba na son tuna warinsa.

Da asuba ni da Saude, matar babban ɗana, mu tafi rijiya. Ruwa ya yi ƙasa, guga sai ta dawo da rabi, rabin ma laka. Mu dawo mu ɗauki kwando mu shiga daji neman ganyen jiga. Na kusa an gama da shi, sai an yi nisa, kuma sai an hau ice. Rana tana tsakiya muke dawowa, yashi yana cin tafin ƙafa, harshe ya manne a ganɗa. Sai anza, ƴaƴan icen nan masu ɗaci. A jiƙa su a zubar da ruwan, a sake jiƙawa a zubar, kwana da kwanaki, duk da haka in ka ci sai maƙogwaro ya yi ta tuna maka. Akuyata ta tafi kasuwar Cadawa ta dawo a matsayin dusa da ɗan garin rogo. Tunkiyar Saude ta bi ta. Mijin Saude ya tsallaka kudu ci-rani tun bayan kaka, ba saƙo ba labari.

Amma duk la'asar turmi yana tashi a gidanmu. Malam ya ce kada gidan ya yi shiru. Sai in zuba dusa, wani lokaci ƙaiƙayi kawai, ni da Saude mu yi ta lugude har da tafi, kamar masu dakan biki. Daga bayan danga maƙwabciyata Ta-Sallah ita ma nata turmin yana amsawa. Ni na san sautin turmin da ke da hatsi, na san na wanda ba shi da shi. Ita ma ta sani. Da safe a rijiya sai ta ce, "Jiya na ji kuna ta aiki." In ce, "Ai ku ma ba ku zauna ba." Mu ja guga, kowa ta kalli gabanta.

Abin da ya hana ni barci shi ne Nana, ɗiyar Saude. An yaye ta ba da daɗewa ba, don nonon uwar ya ƙafe. Yarinya ce mai ƙiriniya, mai bin kaji da sanda. A bazarar nan ta daina bi. Gashinta ya yi ja ya yi laushi kamar na masara. Ƙafafunta suka ɗan tasa, in na danna da yatsa sai ramin ya zauna. In an ba ta kunun dusa sai ya wuce ta kamar ruwa. Kuka ma ta rage.

Sannan na lura da kajin. Rumbun da ke da hatsi ba ya rabuwa da su, don ɓera yana ci yana zubarwa, su suna tsinta a ƙasa. Namu rumbun kuwa, kaji suka daina zuwa. Kyanwa ma da ke kwana a gindinsa ta koma wani wuri. In iska ta kaɗa, sai in ga ya yi rawa kamar wanda ba nauyi a cikinsa. Ban leƙa ba. Ban buƙaci leƙawa ba.

Ana cikin haka mutanen buron komin, wato ofishin hukuma, suka zo su biyu a kan babur. Aka tara masu gida a ƙofar maigari, ƙarƙashin icen bedi. Mu mata muna daga bayan zana muna ji. Suka ce gwamnati za ta kawo hatsi, za a raba wa kowane gari gwargwadon gidajen da abincinsu ya ƙare. Sai su kira mutum a gaban kowa su ce, "Wane, rumbunka da hatsi?"

Wa zai ce babu a gaban surukinsa? Wa zai ce babu a gaban wanda yake neman ɗiyarsa wa ɗansa? Na farko ya ce, "Alhamdulillahi, rumbu na rufe." Na biyu ya ji na farko. Da aka zo kan Malam, ya gyara rawani ya ce, "Mu tun kakanni ba mu taɓa ganin gindin rumbu ba. Sai godiya." Zawarawa biyu da wani makaho ne kaɗai aka ce ba su da komai, su ma maigari ne ya faɗa a madadinsu. Baƙin suka hau babur suka tafi suna cewa garin nan Allah ya rufa masa asiri.

Da labari ya zo cewa kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke buhuna a magaza, ɗakin ajiyar hukuma, na ce wa Malam zan kai Nana likita. Ba ƙarya na yi ba, na kai ta. Amma daga can na wuce buron komin, don ɗan ƙanena Lawali yana aiki a wurin. Shi ne ya yi lakol, karatun boko, a gidanmu, har Maradi.

Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, zafi kamar tanda. A waje injin wuta yana ta ƙugi. Lawali yana zaune gaban ordinata, akwati mai fuskar gilashi kamar talabijin, hannunsa a kan wani ɗan abu mai wutsiya. Da ya gan ni ya miƙe ya durƙusa.

"Gwaggo! Ke da kanki? Da kin aiko ai da na zo."

"Wa zan aika, kaji? Tashi. Wannan abin da kake shafawa fa?"

"Ɓera ake ce masa."

"To. Ɓeraye sun bar rumbuna sun dawo buro."

Ya yi dariya, amma da ya dubi Nana a bayana dariyar ta tsaya. Ya ba ni kujera, ya kawo ruwa. Ya ce in yi haƙuri kaɗan, shugaban riƙo ya sa shi wani aiki da yake so a gama kafin a kashe inji. Wai yana so duk safiya in an kunna ordinata ya ga rabon kowane gari a gabansa, ba sai ya nema ba.

Na zauna ina kallo. Cikin gilashin akwai ƴan tagogi, wata kan wata. Lawali ya tura ɓeran, wata ƴar kibiya ta kama taga guda ta ja ta gefe, ta rufe wata. Sai ya buɗe ƙarama a kusurwar sama. Cikinta wani abu ya fito, kewayayye, an yanka shi daga tsakiya zuwa baki kamar faifan da aka saƙa da kaba mai rini.

"Gwaggo, kin ga wannan faifan? Shi ne duk hatsin da ke magaza. Kowane yanki gari guda ne."

Da fari duk yankunan launinsu ya yi kusa da juna, shuɗi-shuɗi. Ya ce haka ba za a gane ba. Ya buɗe wata taga mai ɗauke da launuka kamar tiren mai sayar da zare, ya riƙa ɗauka yana zubawa. Wannan ja, wannan kore, wannan ruwan ƙasa. Wani babba ya ba shi ɗorawa, ya ce, "Wannan namu ne, garin su Baba." Ya juya faifan don babban yanki ya fara daga sama. Ya sa sunan kowane gari a cikin yankinsa. Ni ban iya karatu ba, amma ina ganin baƙaƙen suna zama daram, kowane a gidansa.

"Wane launi kike so wa garinku, Gwaggo?"

"Launi ake ci? Nuna mini namu."

Ya kai kibiyar wani wuri tsakanin ɗorawa da kore. Sai da na matso na runtse ido sannan na gani. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya. Ya ba shi baƙi don ya fito. Ya yi ƙoƙarin sa sunan garin a ciki, sunan ya ƙi shiga, ya hau kan na maƙwabta. Ya rage baƙaƙen, duk da haka ya ƙi. Daga ƙarshe ya fitar da sunan waje, ya ja masa ɗan zare zuwa ga tsinken.

"Sunanku ya fi rabonku faɗi," in ji shi, ba da dariya ba.

Na ce, "Ƙara shi."

Ya kama bakin tagar ya ja. Faifan ya kumbura ya cika gilashin, tsinkenmu ya zama kamar kara. Wallahi sai da na ce alhamdulillahi a fili. Na ɗauka shi ke nan, yaron nan ya gama mana. Sai na duba na ga ɗorawa ta ƙaru, ja ya ƙaru, kowa ya ƙaru. Ya saki, ya mayar da shi ƙarami a kusurwarsa.

"Ba wannan ƙarin nake nufi ba, Lawali, ka kuma sani."

"Na sani, Gwaggo. Launi nawa ne, girman taga nawa ne, inda za ta zauna nawa ne. Amma faɗin yanki ba ni ke yanka shi ba. Abin da masu gida suka faɗa shi ke yanka shi."

"Ƙarya suka faɗa."

"Ni ma na yi zato. Amma in na ƙara da hannuna yau don ke, gobe mai jam'iyya zai zo ya ce in ƙara don shi, ga zaɓe na tafe. Kuma faifan ba ya girma, Gwaggo. In nan ya faɗaɗa, can zai tsuke."

Na ji maganar, amma kunnen mai yunwa rabin zance yake ɗauka. Na kwance goyo na ɗora Nana a kan teburin, kusa da ɓeransa. Na danna ƙafarta da yatsa, na ɗauke. Muka tsaya muna kallon ramin.

"To ka sa wannan a faifanka."

Lawali ya ɗauke hannunsa daga kan ɓeran. Sannan ya ce ba a fara rabo ba tukuna, kuma masu bincike za su sake zagayawa. In masu gida sun canza magana, ko kuma an gani da ido, dole a gyara. Zai roƙa a fara da garinmu, shi ma zai biyo su.

Da na koma gida na sami Malam a zaure yana gyaran ƙotar sungumi. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka saba. Na faɗa masa inda na je da abin da na gani.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

"Ƙafar Nana."

"Ruwa na tafe. In anka yi shuka za a buɗe rumbu."

"A buɗe a sami mi, Malam? Kaji sun riga sun faɗa mini."

Sai ya ajiye sungumin. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin idonsa haka ba. Ba fushi ba ne. Da fushi ne da ya fi mini sauƙi.

"Ke ba ki san abin da kike nema ba. In na ce babu a gaban mutane, da wace fuska zan zauna a ƙofar masallaci? Ubana ya ga shekarun da sunka fi wannan, bai miƙa hannu ba. Gara in ci ƙasa."

"Kai ka iya cin ƙasa. Ita ba ta iya ba."

Ya tashi ya fita. Na bi Ta-Sallah da sauran mata a rijiya na ce mu buɗe rumbunan a gani, kowace ta ce ita ba za ta fara ba. Wata ta ce, "Ke dai da bakinki kamar reza, sai ki fara mu gani."

Ranar da suka dawo, tun hantsi rana ta yi zafi, sama fari fat. Wannan karon gida-gida suka bi, su biyu da Lawali, maigari na gaba, maza na biye. Suka shigo gidanmu suka tsaya gaban rumbu. Lawali ya gaida Malam, ya ƙi kallona. Babban cikinsu ya ce, "Baba, mun dawo ne mu ƙara tambaya. Ba abin kunya ba ne, ƙasa duka haka take."

Malam ya ce, "Na faɗa muku. Rumbu na rufe."

Ina tsaye bakin madafa, taɓarya a hannuna, don dama turmin ƙarya nake shirin tayarwa. Na jira ko zai ƙara wata kalma. Na ba shi lokaci, Allah ne shaida. Bai ƙara ba. Mutumin ya juya zai fita.

Ban san lokacin da na ratsa maza ba. Igiyar hular rana ta riga ta cinye ta. Na sa kan taɓarya a ƙarƙashin hular na tura da duk ƙarfin da jiga ta bar mini. Ta ɗaga, ta karkata, ta faɗo ƙasa ta yi birgima har bakin danga. Wani ya ce, "Subhanallahi!" Wani ya ce, "Mace!"

Na zaci za a ga rumbu wayam. Ba haka aka gani ba. A cike yake har baki. Damma ne jere, an ɗaure su da kyau, irin ɗaurin Malam da ba ya kwancewa. Na ce shi ke nan, na tozarta mijina a banza.

Sai mai binciken ya miƙa hannu ya jawo dami guda. Ya taso masa da sauƙi kamar hular kaba. Kara ne. Karan hatsi ne zalla, ba kai ko guda, an yanka shi daidai tsawon zangarniya an ɗaure. Ya jawo na biyu, haka. Na uku, haka. Ashe tun kaka ɗan abin da gandu ya bayar bashin bara ya tafi da shi. Malam ya zauna shi kaɗai a gona yana yankan kara yana ɗaurewa, don wanda ya hango shi a hanya ya ga yana kawo kaya gida, don mu ma mu riƙa kallon rumbu muna samun ƙarfin kai wa damina.

Malam ya sunkuya ya ɗauki damin da aka yar, ya kakkaɓe shi, ya jingina shi a gindin rumbu kamar abin kirki. Ya shiga ɗakinsa ya saki labule.

Daga bayan danga na ji wani abu ya faɗi, tim. Ta-Sallah ce ta ture hular nasu rumbun. Bayanta wani gida, can gaba kuma wani. Maigari ya tsaya yana jan gemu, daga baya ya ce a zo a ga nasa, da hannunsa ya kwance igiya. Ba kowa ya buɗe ba. Akwai wanda ya tsaya ƙofar gidansa da sanda ya ce duk wanda ya shigo sai ya karya shi. A makon nan ya kwashe iyalinsa suka yi kudu, har yau gidan kango ne.

Da na sake kai Nana likita na biya ta buro. Faifan yana nan a kusurwarsa. Baƙin yankinmu ya faɗaɗa, sunan garin ya shiga ciki ya zauna, an cire zaren. Na daɗe ina kallonsa. Sai idona ya sauka kan ɗorawar da ke gefensa. Ta rame. Ba ita kaɗai ba, kowa an ɗan tsakure shi, amma ita na sani, don ranar farko na auna ta da ido, ta kai tafin hannuna.

"Na su Babanka ne wannan?"

"Shi ne, Gwaggo."

"Kai ka rage shi?"

"Ni na shigar da abin da aka gani a garinku. Shi ya rage kansa."

"Ka faɗa wa ubanka?"

"Na faɗa masa. Ya ce in gaishe ki."

Hatsin ya zo a amalanke, muka yi layi a rana da kwanoni. Ranar na daka hatsi na gaske, turmi ya yi irin sautinsa mai nauyi, har Saude ta yi ta hawaye tana tankaɗe. Na dama kunu mai kauri na ba Nana da ludayi kaɗan-kaɗan. Na kai wa Malam fura. Ta kwana a bakin ƙofarsa ba a taɓa ba. Kashegari na sake kaiwa. Sai a rana ta uku na tarar da ƙwaryar wayam, an kife ta.

Ruwan farko ya zo da iska mai ƙarfi, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Muka fita shuka kowa da kowa, Malam a gaba yana sara da sungumi, ni da Saude a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Irin ma na rabo ne. Layi bayan layi, bai juyo ba. Da aka shiga noma aka yi gayya, gona bayan gona, don ba mai ƙarfin yin tasa shi kaɗai. Maza suna noma suna hutawa a kan ƙota, ba waƙa ba kirari. Nana ta fara rarrafe zuwa bakin ƙofa, daga baya ta miƙe. Ranar da na ga ta ɗauki sanda ta nufi kaza, na shiga ɗaki na rufe.

Garin iyayena rabonsu bai kai su kaka ba. Ƙanena ya ba da gonarsa ta fadama jingina, ba ta dawo ba har ya rasu. Mun haɗu a wani suna bayan kaka, ya gaishe ni da fara'a, ya ce, "Yaya, an ce taɓaryarki doguwa ce. Daga garinku ta kai har tukunyarmu." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi. Da zan tafi ya rako ni har bakin gari yadda ya saba, amma bai ce in gaida gida ba.

Malam bai sake ni ba, bai zage ni ba, bai taɓa tayar da maganar ba. Ya daina zama ƙarƙashin bedi. Daga masallaci sai gida. Ranar zaɓe ma, da gari ya fita layi, shi yana zaure. Da kaka ta yi kyau aka kawo damma, na ce a ɗora wa rumbu sabuwar hula. Ya ce a sussuke a zuba a buhu a kai ɗakina. "Tunda kin iya buɗewa, sai ki iya rufewa." Rumbun ya tsaya a buɗe damina biyu, ya ruɓe ya faɗi. Har ya koma ga Allah hatsin gidan nan a ƙarƙashin gadona yake kwana.

Mutane sun tambaye ni ko da na san abin da ke ciki da zan tura. Nana tana nan, an yi mata aure a Gangara, ta zo wankan gida da ɗanta na fari, yanzu haka ina jin kukansa a ɗakin Saude. Yau in za a yi rabo ba a tara maza ƙarƙashin bedi. Yara ne ke zuwa da waya a hannu, su shiga zaure su tambayi mutum shi kaɗai. Faifan ma an ce yana cikin wayar. Amma ɗana jinin Malam ne. Da ya dawo daga kudu ya gina sabon rumbu a gurbin na ubansa, ya ɗora masa hula, ya ɗaure.

Jiya da la'asar da ya dawo daga duba binnen da ya yi, irin da ya shuka a busasshiyar ƙasa, na kira shi cikin ɗaki, na sa Saude ta ja yara waje. Na ce masa an ce masu tambaya suna Cadawa, jibi za su iso nan.

Ya ce, "Na ji, Inna."

"Mi za ka ce musu?"

"Inna, ai rumbu na rufe."

Na nuna masa bayan ƙofa da carbi. Taɓaryar tana nan jingine inda take tun shekarar, kanta ya tsage, ba a daka da ita. Ya dube ta, ya dube ni. Daga ɗakin Saude jaririn ya sake tsala kuka.

Na ce, "Gwiwa ce ta mutu. Hannun yana nan."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya tashi ya fita, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Yau da safe na sa an matsar mini da tabarma kusa da rumbu, inda inuwa take.